Ya Ƙi Tsayawa

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Ya aiki, ya masu jikin da kike kula da su? Mu dai da sauƙi za a ce. Jinin Inna ya sake hawa, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga, maganin da kika aiko kuma saura na kwana shida. Ni lafiyata ƙalau, barci ne kawai ya yi min ƙaura. Na kira wayarki ya fi sau talatin kafin na tuna a asibitin dajin nan naku sai an hau tudu ake samun sabis. Shi ya sa na ba direban motar magani wannan takarda.

Goggo, an fara shari'ar Yaya ranar Litinin. Na san an gaya miki makanike ya mutu a wurin yankan katakon da Yaya yake aiki, an kama Yaya da ɗanki. Abin da ba a gaya miki ba shi ne an saki ɗanki, kuma yanzu shi ne babban shaidar gwamnati a kan Yaya.

Ga abin da Yaya ya gaya min ta bayan ƙarfen gidan yari. Da safe ranar ya tarar da makaniken yana ɗaure bel ɗin injin yankan alhali injin yana aiki, rigarsa tana lilo a gefe. Kin san bakin Yaya in ransa ya ɓaci. Ya daka masa tsawa a gaban kowa ya ce, "Wallahi injin nan ne ajalinka!" Makaniken ya zage shi, sai da aka shiga tsakani. Da rana ma'aikata suka fita cin abinci, ya rage su uku. Makaniken ya koma halinsa, bel ya kama rigar ya fizge shi. Ɗanki yana tsaye kusa da jan maɓallin da ake tsayar da injin, Yaya ya yi ta masa ihu, "Kashe shi! Kashe shi, na ce!" Injin bai tsaya ba. Yaya ya fita da gudu ya zagaya bayan gini ya sauke babban makunnin wuta. Kafin ya dawo mai afkuwa ta afku.

Ga kuma abin da ɗanki Sululu ya faɗa a kotu. Ki yi haƙuri, na san ba kya son sunan, amma ko alƙali sau biyu bakinsa yana suɓucewa ya kira shi da shi. Ya zo da sabuwar farar riga, an yi masa aski, yana kallon ƙasa kamar na Allah. Ya rantse cewa Yaya ya nuna masa makaniken ya ce kashe shi, shi kuwa ya ce a'a, yana tsoron Allah, sai Yaya ya hankaɗa mutumin cikin injin ya gudu. Wai shi ko kusa da maɓallin bai je ba, yana can bakin ƙofa yana karkarwa. Mai tsoron Allah, Goggo! Wanda ya sace keken ɗinkin Inna, ya kuma taya mu nema har kwana biyu.

Telan da shagonsa ke jikin ginin shi ma ya ba da shaida. Ya ji ihun "kashe shi", ya kuma ga Yaya ya fito a guje. Bai yi ƙarya ba, abin da ya ji ke nan. Lauyanmu ya tambaye shi, "Malam, ba a cewa a kashe inji? Ba a cewa a kashe fitila?" Ya ce, "Ana cewa. Amma ni da safe na ji ana maganar ajali."

Lauyan namu ɗan ƙarami ne, baƙar rigar ma ta yi masa yawa, amma yana ƙoƙari. Ya karanto wa Sululu ɗaurinsa biyu na sata da ƙwayoyin da aka samu a aljihunsa. Sululu ya ce, "Ranka ya daɗe, wancan da ne, yanzu na shiryu." Mutane suka yi dariya. Ni na kasa, domin ina kallon Yaya.

Ki tuna ke kika roƙi Yaya ya ɗauki ɗanki aiki lokacin da ya fito daga gidan yari babu mai ko amsa gaisuwarsa. Don Allah ki rubuta masa ya faɗi gaskiya. A duniya maganarki kaɗai yake ji.

'Yarki,
Auta

*

Auta 'yata,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, sai ciwon bayan nan da kika sani. Mu biyu ne kacal a ɗakin haihuwa, mata kuwa ba sa jiran kowa ya huta. Ga maganin Innarki na wata biyu a kwalin nan. Ta sha kullum da safe babu fashi, ki rage mata gishiri, ta riƙa ɗora ƙafa a kan matashi.

Sau uku na karanta abin da kika rubuta, kuma na yi kuka. Yayanki ɗan wana ne, da hannuna na karɓi haihuwarsa. Amma akwai gyara a maganarki. Ɗana yana da sunan da ubansa ya raɗa masa, kuma ya girme ki da shekara huɗu. Bari 'yan titi su kira shi abin da suka ga dama, ke ba 'yar titi ba ce. Ban ce bai yi sata ba, babu wanda ya sha kunyar satarsa kamar ni. Sai dai sata daban, ƙaga wa ɗan'uwa kisa daban.

Akwai abin da ba ki sani ba. Ya rubuto min daga ofishin 'yan sanda kwana ɗaya da faruwar abin, tun kafin ya ga lauya ko wani ya koya masa magana. Ga ta a gabana, bari in kwafe miki: "Umma ki yafe min. Yaya ya ce in kashe shi. Na danna na danna ya ƙi tsayawa."

Kin gani? Jini yake nufi. Tun yana ƙarami na koya masa in mutum ya yanke a danne wurin da ƙarfi, kada a saki. An ce masa ya kashe mutum, shi kuwa ya durƙusa yana danne masa rauni. Da na karanta wurin nan na ce Allah na gode, ashe akwai abin da na shuka a yaron nan da bai mutu ba.

Ban ce Yayanki mugu ba ne. Zuciya ce, kuma gado ya yi, haka babanku yake, Allah ya jiƙansa. Ku ce wa lauyan ya nemi sassauci, ya daina tona wa ɗana asiri a gaban jama'a. Ke kuma ki koma ga karatunki, jarrabawa ta kusa. Kotu ba wurin yarinya ba ce.

Ki gaida Innarki.

Goggonki

*

Goggo,

Ina gaisuwa. Magani ya iso, Inna ta ce a gode, kumburin ya ɗan saɓe. Allah ya sauwaƙe bayan. Jarrabawa kuwa ta wuce ba da ni ba, ranar takarda ta farko ina zaune a bencin kotu.

Na karanta wa Inna takardarki, na ajiye, na tafi wanke-wanke. Ina cikin cuɗa tukunya maganar ta dawo min, na saki tukunyar na koma ɗaki da kumfa a hannu.

Goggo, wane jini? Ɗan sandan da ya kama su ya faɗa a kotu cewa rigar Yaya ta jiƙe sharkaf da jini, domin Yaya ne ya zaro mutumin ya rungume shi. Rigar ɗanki ko ɗigo babu. Shi da kansa ya rantse bai matsa daga bakin ƙofa ba. To me ya danna? Me ake dannawa a wurin yankan katako, a yi ta dannawa, ya ƙi tsayawa? Ke aikinki jini ne, shi ya sa kika ga jini. Maɓalli ya danna. Ya san sarai inji Yaya yake nufi, ya kuma yi ƙoƙarin kashe shi, ya kasa.

Na je wurin jiya. An wanke ƙasa, an zuba sabon garin katako, injin yana ta aiki kamar bai taɓa cin kowa ba. Na samu mai gyaran wutar da aka kira bayan abin. Da farko ya yi kamar bai gane ni ba, sai da na bi shi har inda ya ajiye babur. Ya ce da ya buɗe bayan jan maɓallin babu waya, an yanke ta tun daga tushe, kusan kamu biyu na jan ƙarfe. Mai wurin ya sa ya saka sabuwa, ya ce in ya kuskura ya buɗe baki ya manta da aiki a unguwar. Na roƙe shi ya zo kotu, ya ce yana da 'ya'ya biyar, ya tayar da babur ya bar ni tsaye. Ba sai na gaya miki wanda ya saba sayar da jan ƙarfe a gidanmu ba.

Shi ya sa ya ce ki yafe masa. Ya sace wayar, ya manta, sai da ya danna ya tuna. Da 'yan sanda suka ritsa shi, ya ga hanya ɗaya ce ta fita, ta kan Yaya.

Na ba lauya labari da baki, takardarki ban nuna masa ba. Ya miƙe tsaye har kujerarsa ta faɗi. Ya ce in aka kawo ainihin takardar da rubutun hannun Sululu, shari'ar ta ƙare. An ɗage zama sai nan da mako biyar. Ki sa ta a ambulan ki ba direba hannu da hannu. Na san ba ki gane ba ne kawai. Yanzu kin gane.

'Yarki,
Auta

*

Goggo,

Ina fata lafiya. Inna tana nan yadda take.

Sau biyu motar magani tana zuwa. Na tsaya a bakin ɗakin ajiyar magani har aka gama lodi, direba ya juya min tafin hannu. Na tambaye shi ko ba ki da lafiya ne, ya ce ƙalau kike, a hannunki ya sa takardata, a gabansa kika buɗe, kika shiga ciki ba ki ko ba shi ruwa ba.

Na ziyarci Yaya ranar Alhamis. Yana tari, wuyansa ya zama kamar na kaza da aka fige. Su arba'in ne a ɗakin da aka yi don goma, bi da bi suke kwanciya. Na gaya masa komai. Da na gama sai ya ce, "Auta, ki bi Goggo a hankali, ɗanta ne." Kin ji wanda kika ce zuciya ta ɗebe shi ya kashe mutum.

Saura kwana tara. Ko kalma ɗaya ce ki aiko, in san inda na tsaya.

Auta

*

Auta,

Lafiya lau nake, ki daina tambayar direba kamar na yi laifi. Ki gaida Innarki da jiki.

Takardar da kike nema babu ita. Rufin ɗakina yana yoyo, ruwa ya zubo a kan akwati, tawadar ta narke, na zubar. Ƙila ma ban kwafe daidai ba, idona ba kamar da ba ne, kuma ina kuka na rubuta.

Ke yarinya ce, ba ki haifa ba. Sau biyu ina zuwa ɗauko shi a ƙofar gidan yari. Karo na biyu bai gane ni ba, sai da na kira sunansa sau uku. Wata shida ina wanke masa gyambo ina ɗaure shi a gado saboda ƙwaya. In ya koma da laifin rantsuwar ƙarya da ran mutum a wuyansa, ba zai fito da ƙafarsa ba, ni na sani. Innarki tana da ke, tana da Yayanki ko a ina yake. Yayanki mai ƙarfi ne, mai hankali, mutane suna son sa, ko a can zai yi daraja, kuma ana yin afuwa. Ni ɗaya gare ni, kuma ga irin wanda Allah ya ba ni.

Ban taɓa roƙonki komai ba. Ni na yi miki wankan farko, ni na goya ki lokacin da Innarki ta kwanta wata uku. Takardata ta farko, wadda na yi kwafen nan a ciki, ki sa ta a wuta. In kin yi, ki aiko min da kalma ɗaya.

Goggonki

*

Goggo,

Mun kwana lafiya. Na gode da wanka, na gode da goyo.

Ban ƙona ba. Da a ce kin yarda jini yake nufi, ba za ki ce in ƙona ba. Takardar tana hannun lauya tun jiya, kotu ta karɓa, an ƙara mana mako biyu. Sammaci yana zuwa miki a motar da ta kawo wannan.

Na yi kuka kafin na miƙa, kada ki zaci dutse ne a ƙirjina. Babu wanda zai ce ki zagi ɗanki. Za a tambaye ki ko rubutunki ne, ko abin da ya rubuto ke nan. Ki ce e, shi ke nan, sauran aikin lauya ne. Kin fi shekara ashirin mutane suna ba ki amanar ransu, na san ba za ki ɗaga hannu ki rantse a kan ƙarya ba. Na gyara miki ɗakina, ni zan kwana wajen Inna.

'Yarki,
Auta

*

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Ina fata kin isa lafiya, tunda daga kotu tasha kika wuce, ba ki biyo gida ba. Inna tana asibiti kwana huɗu ke nan. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace, in ta yi magana sunan Yaya kaɗai nake ganewa. Ni ina nan da raina.

Ba ki ga kanki ba ranar, bari in gaya miki yadda muka gan ki. Kin shigo da fararen kayan aiki a goge, tabarau a rataye a wuya. Har ɗan sandan bakin ƙofa ya matsa miki. Na ji sanyi a raina, na kama hannun Inna na ce mata an gama. Kika yi rantsuwa, muryarki ko rawa ba ta yi ba.

Lauyanmu ya miƙa miki takardar ya ce, "Rubutunki ne?" Kika ce, "Nawa ne." Ya ce, "Abin da ɗanki ya rubuto ke nan?" Kika sa tabarau, kika duba a natse, kika ce, "Shi ne. Sai dai na tsallake kalma ɗaya wajen kwafa, hawaye ya rufe min ido. Jinin ya rubuta. Na danna na danna jinin ya ƙi tsayawa."

Lauyan ya yi tsaye kamar an mare shi. Ya ce, "Jinin, ko injin?" Kika ce, "Yaro, shekara ashirin da shida ina wannan aiki, na san yadda ake rubuta jini." Da na dawo gida na rubuta kalmomin biyu a bayan littafina na yi ta kallo. Haruffa biyar ne, iri ɗaya, wuri kawai suka canja.

Lauyan gwamnati tambaya ɗaya ya yi miki. Ya ce, "Wurin da ya ce Yaya ya ce in kashe shi fa, nan ma kin tsallake wani abu?" Kika ce a'a, nan daidai ne. Kin ji lokacin da Yaya ya ce "Goggo" a hankali daga cikin akwatin wanda ake tuhuma? Na san kin ji, domin kafaɗarki ta motsa. Ba ki juyo ba.

An yanke hukunci ranar Laraba. Alƙali ya yi wa Sululu wankin babban bargo. Ya ce maƙaryaci ne, ɓarawo, mashayi, maganarsa ta bakin ƙofa da ta takarda ma sun ci karo, kuma da shaidarsa kaɗai ce ko akuya ba zai ɗaure ba. Zuciyata ta yi tsalle. Sai ya juya shafi. Ya ce amma akwai tela, akwai maganar ajali, sannan akwai takardar da masu kariya da kansu suka kawo, wadda ta nuna tun washegari yaron ya faɗi umarnin da aka ba shi, kuma mutuniyar kirki ta tabbatar da ita bisa rantsuwa. Ɗaurin rai da rai. A nan Inna ta zame daga benci.

Ni na kai takardar, Goggo. Da ƙafata na hau benen lauya, da hannuna na miƙa, ina murna. Da na ƙona ta yadda kika ce, ƙila yau Yaya yana gida. Wannan zan kwana da shi in tashi da shi har in mutu. Yaya ya ce ba laifina ba ne, ya ce in koma makaranta. Bai ambace ki ba, ko da zagi.

Ɗanki na gan shi shekaranjiya a bakin kasuwa, farar rigar ta yi dauɗa, yana layi yana magana shi kaɗai. Da ya hango ni ya tsallaka titi a guje, mota ta kusa kwashe shi. Lauya ya ce za a ɗaukaka ƙara, amma ƙasa yake kallo lokacin da yake faɗa.

Saura abu ɗaya, shi ne ma dalilin rubutun. Ana tsakiyar karanta hukunci alƙali ya dakata ya ɗago kai. Ya ce a shekarunsa kan kujerar nan bai cika ganin shaida irinki ba, mace da ta bar marasa lafiya ta yi tafiyar kwana biyu don ta faɗi gaskiya a kan ɗan wanta, duk da ɗacin abin. Ya ce a rubuta godiyar kotu a aiko miki. Magatakarda ya tambaye ni inda za a same ki, na kwatanta masa dalla-dalla. Tana nan tafe da hatimi a jiki. In ta iso ki zauna ki karanta a hankali, kada ki tsallake ko kalma ɗaya.

'Yar wanki,
Auta